Rage Hannu

Da muka zo kwashe kayan ɗakin Inna bayan sadakar arba'in, a ƙarƙashin gadonta na tarar da wani ƙoƙo naɗe cikin tsohon zane. Ya tsage ta gefe ɗaya, an ɗinke tsagar da zare. Matan da ke taya ni aiki suka ce a haɗa shi da tarkacen da za a zubar. Na karɓe shi. Da na kai shi hanci sai na ji warin toka, ban kuma sani ba ko a jikin ƙoƙon warin yake ko a cikin kaina. Da wannan ƙoƙon na yi shuka a shekarar da ruwa ya yaudare mu. Ban taɓa sanin Inna ta adana shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu. Ƙasarmu jigawa ce, mai saurin shan ruwa da saurin bushewa. Gidanmu gandu ne, kakanmu shi ne mai gandun, kuma duk gidan Baffa muke kiransa, har da Baba, wanda shi ne babban ɗansa. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke". Akwai ƙannena biyu a tsakiya, sannan Auta, wanda a lokacin bai daɗe da yaye ba.

Kai da ka tashi kana ganin ana sayen iri a leda, bari in gaya maka yadda iri yake a gidanmu. Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Baffa zai bi geron da aka yanka yana zaɓar zangarniyoyi masu tsawo da cikar ido. Waɗannan ba a haɗa su da na ci. A sussuke su daban, a cakuɗa tsabar da toka don ƙwari, a zuba a tukwane uku, a liƙe bakin kowacce da laka. Ta farko ta shuka ce. Ta biyu ta toshi ce, wato cike gurbin da bai fito ba. Ta uku kuwa Baffa yana ce mata "ta Allah ya kiyaye". Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an fasa ta don shuka ba. Sai kaka ta zagayo ake juye tsohon a yi fura a raba sadaka, a zuba sabo. Tukwanen suna ɗakin Baffa, bayan buzun sallarsa, ko kaza ba ta isa ta leƙa wurin ba.

Lokacin shuka ma Baffa ne ke faɗa. Yana da alamunsa. Yana duban tsamiyar bakin masallaci ya ga ko shamuwa ta sauka. Yana duban gawon gonarmu ya ga ko ya fara zubar da ganye. In aka yi ruwan farko, da asuba zai fita bayan gida ya tona ƙasa da hannunsa, ya ga inda laima ta tsaya. In ya dawo yana karkaɗe hannu ya ce, "A ɗauko sungumi," to ranar babu mai zama.

Ina son ranar shuka fiye da ranar salla. Baba yana gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya rami ɗaya, mu yara muna biye da ƙoƙuna. Ka tsinci iri da yatsu uku, ka jefa, ka rufe da diddige, ka wuce. Ƙasa da sanyi a tafin ƙafa, ga ƙanshinta. Baffa kan zo ta bayana ya leƙa ramin da na jefa wa iri ya kama baki.

"Amarya, wannan hannun naki zai talauta ni. Gero kike shukawa ko sadaka kike rabawa?"

"To ka sake ni mana in koma gidanmu."

"Ina gidan naku? Ai ni ne gidan naku."

Wasan kaka da jika ke nan, kowa ya yi dariya, aiki ya ci gaba.

Shekarar da nake ba ka labari ita ce wadda aka canza kuɗi aka daina kiran fam da sule. Masu zuwa Kano suna dawowa da labarin kuɗin fetur da manyan gine-gine. Mu abin da muke gani daban ne. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbunmu ya kai ƙasa tun kafin zafi ya kankama. Mutane suka fara gangarowa daga arewa ta hanyar Babura, da jakuna da tabarmi da yara a kafaɗa, ba sa ko tambayar sunan garin da suka iso. Fulanin da ke sauka a gonarmu da rani suka zo da rabin shanun da muka san su da su, ragowar ma haƙarƙari a waje. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma dusa da tafasa. Amma tukwanen nan uku suna nan a liƙe, kuma muddin suna nan, manya suna magana kamar abin zai wuce.

Shamuwa ta sauka a kan lokacinta. Gawo ya zubar da ganye. Aka yi ruwa mai ƙarfi, har kwazazzabon bayan gari ya kawo. Baffa ya tona ya ce a ɗauko sungumi. Muka juye tukunya ta farko a ƙasa. Gero ya fito kore shar, layi-layi, gwanin sha'awa.

Daga nan sama ta washe. Kullum rana ta fito fara fat, ta faɗi ja. Tsiron ya fara naɗe ganyensa da hantsi yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Wata iska mai zafi ta taso tana kwasar yashi tana watsa wa shukar, abin da rana ta bari yashi ya binne. Na je gona tare da Baba, ya tsuguna ya taɓa wani tsiro, sai ya marmashe a hannunsa kamar ganyen taba.

Da ruwa na biyu ya zo aka fasa tukunyar toshi. Amma babu abin da za a toshe, gonar ce gaba ɗaya aka sake shukawa. Ita ma haka ta ƙare.

A nan ne tsoro ya shigo gidanmu ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta maka shi ba, don ba shi da ƙara. Manya suka rage magana. In hadari ya haɗu a gabas, kowa ya bar abin da yake yi ya tsaya a tsakar gida kai a sama. Hadarin zai yi baƙi, ya yi cida, har mu ji ƙanshin ruwa, sai iska ta taso ta yayyaga shi ta wuce da shi. Sai kowa ya koma ɗaki ba tare da ya dubi ɗan'uwansa ba. Maza suka fita roƙon ruwa, riguna a juye, liman yana addu'a. Mu yara muka zaga gari muna roƙo da waƙa har maƙogwaronmu ya bushe. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Baffa ya daina ce mini amarya.

A filin makarantarmu ta firamare akwai wani abu da malamin gona ya kafa, ya kewaye da ƙaya. Gwangwani ne a kan gungume, da mazurari a bakinsa, da kwalba mai zane-zane a ciki. Ma'aunin ruwan sama ne, amma mu kwalbar malamin gona muke ce masa. Saurayi ne siriri daga Kazaure, yana zuwa a kan keke. Duk safiyar da aka yi ruwa sai ya zo ya ɗaga kwalbar sama yana ƙanƙance ido. Mutanen gari suna yi masa dariya a bayan ido, wai gwamnati ta ɗauki mutum aikin ƙirga ruwan Allah. Wasu yara maza ma sun taɓa ɗura wa kwalbar ruwan rijiya don su ga abin da zai ce.

Da aka yi ruwa na uku, da sassafe Baba ya nufi filin makaranta, abin da bai taɓa yi ba. Na bi shi. Muka tarar da malamin gona ya jingine kekensa, kwalbar tana hannunsa. Suka gaisa. Baba, kamar mai jin nauyin tambayar, ya ce, "Malam, ruwan jiya ya isa shuka?"

Malamin ya nuna masa kwalbar. Ruwan da ke ciki bai wuce gaɓar yatsa ba.

"Zai isa ya tsirar da iri. Ba zai isa ya raya shi ba, sai in wani ya biyo bayansa da wuri."

"To zai biyo?"

"Wallahi ban sani ba. Kwalbar nan abin da ya sauka kawai take faɗa."

Ya sunkuya ya tono busasshiyar ƙasa daga ƙarƙashin laimar, wadda ba ta da nisa, ya sake ta a hankali daga hannunsa, yana kallon inda ƙurar ta nufa. Ya ce iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, mai laushi, mai ɗauke da laima, kuma in ta zauna ba ta juyawa. Wannan kuwa yau tana nan gobe tana can. Ya ce, "In ni ne, zan jira in ga ruwa biyu masu kyau sun bi juna."

"In na jira kuma damina ta gajarta fa? Gero yana son kwanakinsa."

"Wannan ma gaskiya ne," in ji shi. Ya sunkuyar da kai.

Baba ya tambaye shi me ake yi da abin da yake aunawa. Ya ce Kano yake aikawa, a can ana tara na garuruwa da yawa, shekara bayan shekara. Ya ce ana fatan in ya taru, wata rana za a iya gaya wa manomi tun kafin damina yaushe ruwa zai zauna.

Baba ya ce, "Allah ya nuna mana. Amma yarana bana za su ci, Malam."

Da muka dawo gida, mun tarar Baffa ya fito da tukunya ta uku tsakar gida, ya riga ya fasa lakar. A waje ana ta wucewa da sungumai. Baba ya cire takalmi ya durƙusa ya faɗi abin da ya jiyo, a hankali, idonsa a ƙasa.

Baffa ya ce, "Shamuwa ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Duk gari sun fita. Ni in zauna a gida in ce kwalba nake jira?"

"Baffa, ita ce ta ƙarshe."

"Na fi ka sanin ita ce ta ƙarshe. In muka ƙara jira, ko ruwan ya zo, geron ba zai kai ga yin ido ba. Iri a tukunya ba ya haihuwa. Tashi."

Sai da na girma na gane ba taurin kai ba ne. Shi ma tsoro yake ji, irin na Baba, sai dai kowannensu da abin da yake tsoro. Alamun da ya dogara da su tun yana yaro ba su taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba shi da wasu. A garinmu kuma mai gandun da ya zauna ranar da kowa ya fita shuka, in damina ta yi kyau, har ya mutu ana ba da labarinsa.

A gidanmu ɗa ba ya maimaita wa ubansa magana. Baba ya ce, "Allah ya sa albarka," ya ɗauki sungumi.

A gona Baffa ya kama gefen gabas da ƙanin Baba, mu muka kama yamma. Da muka yi nisa, Baba ya rage tafiya har na iso dab da shi. Bai juyo ba. Ya ce, "Rage hannu."

Na ɗauka irin wasan Baffa ne. Na ɗago na ga fuskarsa, na gane ba wasa ba ne. Na koma tsintar iri da yatsu biyu. Shi kuma ya ƙara faɗin takunsa, ramukan suka yi nesa da juna. Duk lokacin da muka kai ƙarshen layi, sai ya tsuguna kamar mai cire ƙaya, ya ɗebi abin da ya rage a ƙoƙona ya zuba a aljihun rigarsa. Ban taɓa ganin Baba ya ɓoye wa Baffa ko allura ba. Ina tsoron Baffa ya leƙa ramina kamar yadda ya saba. Ranar bai leƙa ba.

Da yamma a ɗakin Inna, Baba ya zazzage aljihunsa a cikin ƙoƙona. Ya cika shi har baki. Ya rufe da faifai ya tura ƙarƙashin gado. Ya dube ni, ya dubi Inna, bai ce kada mu faɗa ba. Ba sai ya ce ba.

Shuka ta uku ta fito, ta ƙone kamar 'yan'uwanta.

Daga nan babu sauran tukunya a garin. Wasu magidanta suka kulle ƙofa da ƙaya suka bi hanyar Kano. Baba ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe a kasuwar Kazaure, ya dawo da garin rogo a ƙasan buhu. Inna da matan gida suna wuni a daji suna neman ganye. Mu manyan yara muna haɗiye abin da aka ba mu. Auta ne ya kasa. Cikinsa ya ƙi dusa, ya ƙi garin rogo, zawo ya kama shi. Ƙafafunsa suka sirance, gashinsa ya yi ja. Kalmomin da ya iya ba su da yawa, ɗaya daga cikinsu ita ce kunu. Yana faɗarta da safe, yana faɗarta da rana, a kan gadon da ƙoƙon yake ƙarƙashinsa.

Wata rana da la'asar Inna ta jawo ƙoƙon ta ajiye a tsakar ɗaki, ta zauna kusa da shi, Auta a cinyarta. Ba ta buɗe faifan ba. Haka Baba ya shigo ya same ta.

Ta ce, "Ko tafi ɗaya ne, in dama masa."

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna, ya buɗe faifan, ya ɗebi tafi ɗaya da hannunsa ya zuba mata a ƙwarya. Ta wanke tokar, ta niƙa, ta dama kunu tsararo. Auta ya sha duka, ya lashe ludayin, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Washegari Inna ta sake duban Baba. Ya ce, "In muka ci gaba da ɗiba ba za mu tsaya ba. Kwana nawa zai yi mana? In ya ƙare kuma ruwa ya zo, me za mu sa a ƙasa? Yaran nan su huɗu ne." Ya ɗauki ƙoƙon ya fita da shi. Ban san inda ya kai shi ba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya Auta ta goya shi, ta ɗauki ƙwaryar ganye ta fita.

Kada ka ɗauka Baba ya zauna. Ya taka har Kazaure da ƙafa da ya ji ana rabon hatsin agaji, ya wuni a layi, ya dawo da ɗan abin da ya samu. Ya yi faskare, ya yi dako. Duk abin da ya samo, Auta ake fara dama wa. Amma ba kullum ake samu ba.

Damina ta yi nisa ƙwarai a lissafin manya, sai wata safiya na farka na ji iska ta canza. Mai laushi ce, mai sanyi, tana shigowa ta bayan ɗaki. Ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba bai motsa ba. Ba a daɗe ba aka sake yin wani, wanda ya kwana yana zuba. Da safe Baba ya tafi filin makaranta, ya dawo da sauri ya ce malamin gona ya ce kwalba ta cika, iska kuma ta zauna. Sai ga shi ya fito da ƙoƙon daga inda ya ɓoye shi. Ya kira ni, muka shiga ɗakin Baffa, muka durƙusa. Ya ajiye ƙoƙon a gabansa ya buɗe faifan.

Baffa ya kalli geron. Ya sa yatsa ya motsa shi, ya ga tokar da shi da kansa ya cakuɗa. Ya gane. Na zaci zai yi faɗa, irin faɗan da ake raba gandu a kansa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Amarya, da ke aka haɗa baki?"

Ya goge idonsa da bakin rawaninsa. Ya ce kada a kai shi babbar gona, yashi zai shanye. A kai shi gindin dutse, inda ruwan da ke gangarowa daga sama yake taruwa, laima tana daɗewa a wurin ko an ɗauke ruwa. Shi da kansa ya je ya nuna iyakar wurin da sandarsa. Ni na shuka shi, da yatsu biyu.

Geron ya tashi. Kullum ina zuwa in duba shi, kullum ina dawowa in duba Auta. A zuciyata ta yarinta na ɗauka tsere suke yi, in geron ya riga, shi ke nan. Ya yi kara, ya fid da kai, ya yi bununi. Inna tana ce wa Auta, "Ka ga, an kusa tumu, za a gasa maka." Tumu shi ne zangarniyar farko da ake gasawa a wuta a murje wa yara a hannu.

Auta bai kai tumu ba. Saura kaɗan. Ya rasu da hantsi, a bayan Inna, tana tsinkar ganye, ba ta sani ba sai da ta sauke shi.

Ruwa ya ɗauke da wuri, kamar yadda Baffa ya ji tsoro. Amma laimar gindin dutse ta riƙe geron har ya yi ido. Abin da muka yanka bai kai na ci ba, dammuna kaɗan ne. Da agaji da cin ranin Baba muka kai wata damina. Amma an cika tukwane uku. Da bazara maƙwabta suka riƙa sallama da ƙoƙuna a ƙarƙashin riga, Baffa yana ba kowa tafi biyu. Geron da ake nomawa a unguwarmu shekaru da yawa bayan haka, daga ƙoƙon nan ya fito.

Baffa bai ƙara tona ƙasa da asuba ba. In an yi ruwa sai ya ce wa Baba, "Je ka ji me kwalba ta ce." Bai daɗe ba shi ma ya tafi. Inna kuwa ta zauna da Baba lafiya har ƙarshen rayuwarsa, ban taɓa jin ta tayar da maganar ba. Abu ɗaya na lura da shi. Daga shekarar nan ba ta ƙara cin tumu ba. In an gasa an kawo mata, sai ta ce haƙoranta.

Na sha tambayar kaina ko ƙoƙon nan da zai riƙe Auta har kaka. Ban sani ba. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda da wannan. Ba na ɗora wa Baba, don da abin da ya ƙi bayarwa muka rayu. Ba na ɗora wa Baffa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne tukwane uku na gero mai kyau da muka zuba wa rana. Da akwai wanda zai ce mana tun a ruwan farko, wannan ba shi ba ne, ku dakata, da tukunya ɗaya ta isa shuka, biyu sun isa kunu.

Yanzu akwai mai faɗa. Babban ɗana ne ke noma gonar. Tun kafin zafi ya kankama yake kasa kunne a rediyo, masana yanayi suna bayanin daminar da ke tafe, yanki-yanki: yaushe ake sa ran ruwa zai zauna, ko za a yi fari a tsakiya, yaushe zai ɗauke. Har a wayarsa ake turo masa. In sun ce damina gajeriya ce, sai ya nemi iri mai saurin nuna. Su da kansu suna cewa hasashe ne, sanin gaibu sai Allah, kuma akwai shekarar da suka faɗa bai zo daidai ba. Amma in na ji su, sai in tuna saurayin nan mai keke da aka yi wa dariya, yana ɗaga kwalba sama. Ban san sunansa ba, ban san ko ya rayu ya ji abin da ya yi fata ba.

Makon da ya wuce aka yi ruwan farko. Shamuwa tana kan tsamiya. Da asuba na ji ana wucewa da sungumai ta bayan katanga, ƙafafuna suka ƙi zama. Na je ƙofar ɗana na ce, "Ba za ka fita ba? Mutane sun fita."

Ya ce, "Umma, ba wannan ba ne. Sun ce za a ɗauke bayansa. Mu dakata."

"In kuma ba su faɗa daidai ba fa?"

"To iri yana nan, ba inda ya je."

Na koma ɗaki na zauna. Tsoron nan bai bar ni ba, har yau in hadari ya haɗu sai in tsinci kaina a tsakar gida kai a sama. Tun ranar ba a sake ko yayyafi ba. Jiya na ga maƙwabcinmu ya dawo daga gona yana tafiya a hankali, irin tafiyar da na sani. Buhun irinmu yana jingine a ɗakin ɗana, bakinsa a ɗinke. Muna jira.

Da safen nan ƙaramin jikana, wanda aka yaye kwanan baya, ya zo ya kama zanena ya ce kunu. Na ɗauko ƙoƙon Inna na wanke shi, na je rumbu na cika shi da gero har baki. Uwarsa ta ce, "Umma, ai ya yi yawa, shi kaɗai ne." Na ce ta bar ni. Na surfa, na niƙa, na dama masa mai kauri. Ban rage hannu ba.